Ɗan Jirgin Sama Mai Fiffike Hawa Biyu: Yadda Ake Ɗaura Masa Wayoyi, a Shafa Masa Fenti

Cikin ayyukan hannu da ɗalibi zai iya koya a lokacin hutunsa, kaɗan ne suka kai haɗa ɗan jirgin sama na kwaikwayo koyar da haƙuri da kiyaye awo. Abin da muke nufi da ɗan jirgi na kwaikwayo shi ne ƙaramar siffar jirgi na ainihi, wadda aka rage kowace gaɓa tata bisa lissafi ɗaya, har ta zama za a iya ɗora ta a tafin hannu. Ba ya tashi, ba kuwa don wasa ake yinsa ba. Amfaninsa shi ne wanda bai taɓa ganin babban ba ya dubi ƙaramin ya gane yadda aka gina shi.

Yawancinmu in mun gama karatu za a tura mu makarantun ƙasar Yauri, wani Birnin Yauri, wani Yelwa, wani Ngaski ko Wara ko Shanga. Yaran da za mu tarar a can ba baƙin aikin hannu ba ne. Suna ƙera motoci da karan dawa, suna kallon masu sassaƙa kwalekwale, suna taya iyayensu gyaran raga. In malami ya ajiye musu ɗan jirgi a kan tebur, ba za su bar ko zare ɗaya ba su tambayi dalilinsa ba. In ya ɗaura zaren inda ya ga dama don ado, to, ya koya musu ƙarya, su kuwa za su riƙe ta tamkar gaskiya domin da idonsu suka gani. Saboda haka abin da za mu yi ƙoƙarin bayyanawa a nan guda ɗaya ne: kowace waya da ke jikin jirgi mai fiffike hawa biyu tana da aikinta, kuma sai wanda ya san aikin ne zai ɗaura ta daidai.

Jirgin da muka zaɓa

Jirgi mai fiffike hawa biyu shi ne wanda ke da fiffike a sama da wani a ƙasa, an haɗa su da sanduna da wayoyi. Irinsa ne wasu 'yan'uwa biyu mutanen Amurka, Wilbur Wright da Orville Wright, suka fara tashi da shi ran 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 kaɗai ya yi, ya ci ƙafa 120. Amma mu wanda ya fi kusa da mu shi ne jirgin da ake kira DH.9A, gama shi ne irin da ya fara sauka a Kano. Haruffan nan biyu na farkon sunansa daga sunan Geoffrey de Havilland aka ɗauko su, wani gwanin tsara jirage na Ingila.

Ran 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku irin wannan na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira ta ƙasar Masar. Shugaban tafiyar sunansa Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da ƙasar Cadi da Maiduguri, suna yada zango, har suka sauka a filin wasan dawaki na Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Kun ga ke nan galibin hanyar ita ce wadda alhazanmu suke bi a ƙasa a lokacin, suna shafe watanni, wasu har shekaru. Su kuwa cikin kwana shida suka yanke ta. Bayan shekara 11, watau cikin 1936, kamfanin Imperial Airways ya soma jigila tsakanin Hartum da Kano da wani jirgi mai inji huɗu, DH.86, shi ma fiffikensa hawa biyu ne.

DH.9A ya fara aiki cikin 1918, sojan saman Ingila ba su ajiye shi ba sai 1931. Mutum biyu yake ɗauka. Injinsa ƙirar Amurka ne, ana kiransa Liberty, yana da silinda 12 da ƙarfin doki 400. Ƙasusuwan jirgin na katako ne, an lulluɓe fukafukan da yadin lilin. Akwai guda ɗaya da ya rage a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, cikin Landan.

Maganar awo

Awon da masu wannan sana'a suka fi bi shi ne ɗaya bisa 72. Ma'anarsa inci ɗaya a jikin ƙaramin yana madadin inci 72 a jikin babban, watau ƙafa shida. Sauƙinsa ke nan: mutum mai tsawon ƙafa shida zai zama inci ɗaya, kwalekwale mai ƙafa 30 zai zama inci biyar. A Ingila aka fara sayar da 'yan jirage bisa wannan awo cikin 1932, da sunan Skybirds, guntayen katako ne da mai saye zai ƙarasa sassaƙawa da kansa. Cikin 1936 aka fito da na roba masu suna Frog Penguin. Yanzu yawancinsu na roba ne, suna zuwa cikin kwali gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa manne da wani firam na roba, tare da takardar bayani da tambura.

Faɗin DH.9A daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 46 ne ba kaɗan. Raba 46 da shida, za ka sami inci bakwai da kashi biyu cikin uku. Tsawonsa ƙafa 30 da inci uku, ya zama inci biyar da ɗan ɗoriya. Tsayinsa ƙafa 11 da inci huɗu, ya zama inci biyu saura kaɗan. Wanda bai sami na kwali ba kada ya ce an rufe masa ƙofa. Da waɗannan alƙaluma da hoto mai kyau yana iya fafe gangar jiki da tukurwa ko itacen rimi, ya yanka fukafukai da kwali mai ƙwari, ya fere sanduna da ɓawon kara. Duk abin da za mu faɗa nan gaba ya shafe shi kamar yadda ya shafi mai na roba.

Dalilin wayoyi

Kafin ka taɓa ɗan jirgin, yi wannan gwaji, domin gani ya kori ji. Sami sillen kara huɗu, ka haɗa su murabba'i, ka soke kowace kusurwa da ƙaya ɗaya. Tura shi ta gefe da yatsa, za ka ga ya karkace ya kwanta. To, ɗaura zare daga wata kusurwa zuwa wadda ke ƙetarenta. Tura ta gefe guda, ya ƙi motsi. Tura ta ɗaya gefen, zaren ya saki, firam ya kwanta. Ƙara zare na biyu ya gicciye na farko. Yanzu ko ta ina ka tura, yana nan tsaye.

Abin da gwajin nan ya nuna shi ne sanda tana jure dannawa, zare kuwa ja kaɗai yake jurewa, ba ya tokare kome. Don haka ake sa shi biyu-biyu a gicciye, in ɗaya ya huta ɗaya ya ɗauka. Wannan dabara daga wurin masu ginin gada ta fito. Wani injiniyan gadojin jirgin ƙasa a Amurka, Octave Chanute, shi ya gwada ta a kan fukafukai cikin 1896, su Wright suka ɗauka daga gare shi. Wanda ya taɓa bi ta Jebba ya dubi ƙarafan gadar jirgin ƙasa da ke kan Kwara, ya ga danginta. Fiffike ɗaya siriri na katako da yadi, in ba a tokare shi ba, ba shi da ƙarfi sosai, amma in an ɗora biyu aka tokare su da sanduna aka gicciya waya, sai su zama kamar akwati, ga ƙarfi ga rashin nauyi.

Sandunan da ke tsaye tsakanin fukafukai za mu kira su dirkoki, gama aikin dirka suke yi. DH.9A yana da takwas tsakanin fukafukai, huɗu dama huɗu hagu, an jera su biyu-biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Akwai kuma gajeru huɗu da suka tashi daga gangar jiki suka riƙe tsakiyar fiffiken sama. Wayoyin kuwa iri huɗu ne ya kamata mu rarrabe.

Na farko, wayar tashi. In jirgi yana sama, iska tana ɗaga fukafukai, nauyin gangar jiki kuwa yana ja ƙasa, sai fukafukan su nemi naɗewa sama. Wayar da ke hana wannan takan tashi daga ƙasa ta wajen gangar jiki, ta hau sama tana nufar bakin fiffike. Ita ce mai ɗaukar nauyin jirgin duka, shi ya sa a jiragen Ingila da yawa na zamanin akan yi ta biyu a jere.

Na biyu, wayar sauka. In jirgi yana ƙasa babu iskar da ke ɗaga fukafukai, sai su nemi lanƙwasowa da nauyin kansu, balle lokacin da tayoyi suka bugi ƙasa. Wayar da ke riƙe su takan tashi daga sama ta wajen gangar jiki, ta gangara ƙasa tana nufar bakin fiffike. Ita da wayar tashi su ne suke gicciye in ka dubi jirgi ta gaba.

Na uku, wayar tsakanin dirkoki. Ita takan gicciye tsakanin dirkar gaba da ta baya, sai ta gefe ake ganinta sosai. Aikinta hana fiffike murɗewa, don ya riƙa fuskantar iska yadda aka saita shi.

Na huɗu, wayar linzami. Wannan ba ta riƙe kome, saƙo take kaiwa. Takan tashi daga wurin matuƙi ta tafi wurin ƙananan fukafukai masu motsi da ke wutsiya da bayan manyan fukafukai, kamar yadda linzami ke kai nufin mahayi bakin doki.

Bari mu ƙidaya. Tsakanin gangar jiki da dirkokin farko ɗaki ɗaya ne, tsakanin dirkokin farko da na biyu wani ɗaki. Dama da hagu, ɗaki huɗu ke nan. Kowane ɗaki yana da wayar tashi da ta sauka a layin gaba, haka kuma a layin baya, watau huɗu. Huɗu sau huɗu 16. Ƙara takwas na tsakanin dirkoki, ya zama 24. Ba mu sa ninkin wayar tashi ba, ba mu sa na ƙafafu da na wutsiya da na linzami ba. A sojan saman Ingila na lokacin akwai ma'aikaci mai kula da inji, akwai kuma wani dabam wanda aikinsa katako da yadi da wayoyin nan. Kowace waya tana da ɗan ƙarfe da ake murɗawa a ƙara mata tauri ko a rage. In ya ƙara wa ɗaya fiye da kima, jirgi ya riƙa karkata gefe guda a sama, ran matuƙi kuwa yana hannunsa.

Zaren da ya dace

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kauri. A ce wayar babban jirgi rubu'in inci ce. Raba da 72, abin da zai fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, watau kamar silin gashin mutum. In ka ɗauko zaren ɗinki mai kaurin rubu'in milimita, ka ninka sau 72, ka sami milimita 18. Ka ɗaure jirginka da igiyar ɗaure kwalekwale ke nan.

Ban da kauri, sai a kula da halin zare da yanayin ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968 garuruwanmu suna bakin tafki, da damina ga laima, da hunturu ga busasshiyar iska. Zaren auduga in ya sha laima yakan kumbura ya gajarce, in ya bushe ya saki. Wanda ya ɗaura shi tam da hunturu, damina na zuwa ya janyo fiffike ya karkatar. Wanda ya ɗaura da damina, hunturu na zuwa ya tarar da shi yana reto. Gashin wutsiyar doki, irin wanda ake yi wa goge tsirkiya da shi, halinsa akasin haka ne: laima ke ƙara masa tsawo, bushewa ta tsuke shi. Ga shi kuma ya fi awonmu kauri, sai dai a jirgin da ya fi wannan girma. In ba makawa sai zaren auduga, a zaɓi mafi siranta, a ja shi cikin kakin zuma sau biyu ko uku, kakin zai kwantar da gashinsa ya kuma rage masa shan laima.

Wanda ya fi duka a hannunmu yake, shi ne zaren roba mai sili ɗaya na masunta, wanda ake samu a kasuwar Yauri. A nemi mafi siranta, ko a warware sili daga tsohuwar raga. Ba shi da gashi, yana da ƙarfi, yanayi bai cika damunsa ba, kuma zafi kaɗan yana tsuke shi. Da yake fari ne garau, sai a ja shi a bakin alƙalami mai baƙin tawada da ba ta wankuwa, ko a goga masa bakin fensir, ya yi launin ƙarfe. Mai na kwali yana da wata hanya kuma: ya yanki guntun firam ɗin roba, ya riƙe shi bisa harshen kyandir yana juyawa har ya yi laushi, ya janye daga wuta, ya ja hannu biyu a hankali. Sai robar ta miƙe ta zama zare. Ja da sauri yana ba da siriri, ja a hankali mai kauri. A yi wannan a waje, domin hayaƙin roba ba shi da kyau ga ƙirji.

Shiri

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin ka manna kome, zana jirgin a takarda ta gaba da ta gefe, ka ja kowace waya, ka ba ta lamba. Sa'an nan ka huda ramukan da zare zai bi tun fukafukan suna kwance a tebur, gama in an kafa su hannu ba ya shiga. Allura siririya da aka kafa a guntun itace ta isa. A fiffiken sama kada ramin ya fasa, ya tsaya rabi ta ciki. A fiffiken ƙasa ya fasa har waje. Kowane rami a gindin dirka yake, ba a tsakiyar fiffike ba, domin a babban jirgi nan ƙarfen da ke riƙe waya yake. A karkata allurar ta fuskanci inda zaren zai nufa, in ba haka ba zai fito da gwiwa.

Yanke kowace gaɓa daga firam da reza, kada ka karya da hannu. Kankare tabon, ka goge da takardar yashi mai laushi. Wanke gaɓoɓin da ruwan sabulu, domin maiƙon hannu yana hana fenti kamawa.

Fenti

Jirgi mai fiffike hawa biyu kafin a kafa fiffiken sama ake shafa masa fenti. A nan ma sanin dalili shi ke gyara aiki. Yadin lilin da aka lulluɓe babban jirgi da shi akan shafe shi da wani ruwan magani mai tsuke yadi, har ya yi tauri kamar fatar ganga. Amma hasken rana yana cin wannan magani da yadin duka. A Yaƙin Duniya na Farko jiragen Ingila akan shafa musu launin ƙasa-ƙasa mai ratsin kore a sama. Bayan yaƙi sai aka koma zuba garin alminiyam cikin maganin, don ya mayar da hasken rana. Shi ya sa jiragen sojan saman Ingila na wajen 1925 launin azurfa gare su. Amma fa azurfar yadi ce, ba ta ƙyalli kamar sabon kwano. In fentinka ya cika walƙiya, ɗiga masa fari ko ruwan toka kaɗan.

Fenti ya zama tsararo kamar madara. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama mai kauri yana cike layukan haƙarƙarin fiffike, yana toshe ramukan da ka huda. Ja buroshi daga gaban fiffike zuwa baya, yadda haƙarƙarin suka bi. Bari kowane shafi ya kwana kafin ka ƙara wani. Launin azurfa ba ya rufa asiri, kowane ƙarzane sai ya nuna shi, don haka a gama gyara kafin a soma. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a daɓe, yi shafi da sassafe kafin iska ta tashi, ka kife aikin da ƙwarya mai tsabta. Da damina kuwa a ƙara masa kwanakin bushewa.

Dirkoki da farfela na katako ne. Fara shafa musu launin rawaya mai duhu. In ya bushe, ɗora ruwan ƙasa-ƙasa, ka share da busasshen buroshi ta tsawo tun bai kama ba, sai zanen itace ya fito. Farfela ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa ta ba, alluna ake mannawa bisa juna sa'an nan a fafe, don haka 'yan layuka a tsawonta daidai ne. Tayoyi a yi musu ruwan toka mai duhu, domin baƙi ƙirin yana yi wa ƙaramin abu nauyi a ido.

Tambarin sojan saman Ingila da'ira uku ne: shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. A filafilin da ke tsaye a wutsiya akwai ratsi uku. A jirgin 1925 shuɗi ne a gaba, ja a baya. Sai cikin 1930 aka juya su. Wanda ya sa ja a gaba ya ƙara wa jirginsa shekara biyar bai sani ba. Tamburan kwali akan tsoma su a ruwa har su saki takardarsu, a zame su bisa wurinsu, a danne da tsumma mai laushi. Sun fi kwanciya a wuri mai santsi.

Kafa fiffike da ɗauri

Kafa fiffiken sama shi ne wurin da ake faɗuwa. Yi masa magirki da kwali: yanka kwali biyu masu tsagi biyu-biyu, tazarar tsagin daidai da tazarar fukafukai, ka kafa su a kan allo su riƙe fukafukan dama da hagu. Lura da abu biyu. Fiffiken sama ya ɗan fi na ƙasa gaba. Kuma fukafukan ba a shimfiɗe suke sak ba, bakinsu ya ɗan ɗaga sama, wannan ne ke taimakon jirgi ya daidaita kansa in ya karkata. Kafin ka ɗora fiffiken sama, kifa shi, ka manna bakin kowane zare cikin raminsa da ɗigon gam mai kamawa nan take, ka bar zaren da tsawo. Da bakin allura ake ɗaukar gam, ba daga kwalba ake tsiyayawa ba. Sa'an nan manna gajerun dirkoki huɗu, ɗora fiffike, shigar da sauran takwas. Duba ta gaba, ta sama, ta gefe, ka bar shi ya kwana.

Kashegari sai ɗauri. Ɗauki matsefata ka zura kowane zare cikin raminsa na fiffiken ƙasa. Rataya masa ɗan nauyi, kamar maƙalin shanya, ya ja shi ya miƙe, ka ɗiga gam a ramin, ka jira, ka yanke saura da sabuwar reza. Ka'ida uku ce. Fara daga ciki ka fito waje, don kada wayar waje ta tare maka hanya. In ka ɗaura ɗaya a dama, ɗaura 'yar'uwarta a hagu nan da nan, don kada jan ya taru gefe guda. Kuma kada ka ja fiye da abin da zai miƙar da zare. Dirka siririya ce, tana lanƙwasa. In an gama aka ga wani zaren roba ya saki, kunna turaren tsinke, ka kusantar da bakinsa ƙarƙashin zaren, kada ya taɓa. Za ka ga ya miƙe farat ɗaya. Janye hannu nan take, gama in ka daɗe tsinkewa zai yi. Daga ƙarshe toshe ramukan ƙarƙashin fiffike, goge, ka taɓa su da fenti.

Wasu sukan so su nuna jirgin ya sha tafiya. Ba laifi, amma kowane tabo ya zama yana da mafari: baƙin hayaƙi bayan bututun inji, ɗigon mai ƙarƙashin hanci, jar ƙura a tayoyi. Garin fensir da ɗan jan ƙasa a busasshen buroshi sun isa. In mai kallo ya fara ganin dauɗa kafin ya ga jirgi, an zarce.

A cikin aji

Ajiye shi cikin akwati mai murfin gilashi, nesa da taga, domin rana tana lanƙwasa roba, kyankyaso yana cin gam, gara kuwa ba ta barin tukurwa. Ran da za ka kai shi aji, kada ka fara nuna shi. Fara ba yara kara da ƙaya da zare su yi gwajin murabba'i da hannunsu. Sa'an nan ka fito da jirgin, ka nuna waya ɗaya, ka tambaye su: in wannan ta tsinke, me zai faru, a sama ko a ƙasa? Yaron da ya amsa wannan ya fahimci abin da ke riƙe da gada da hasumiyar waya da rumfar kasuwa. Ga kuma lissafi da za su yi: faɗin jirgin su Wright ƙafa 40 ne da inci huɗu, inci nawa zai zama bisa awon ɗaya bisa 72? Su auna kwalekwalen gidansu, su faɗi tsawon ƙaraminsa in za a ajiye shi kusa da jirgin.

Aikin nan yakan ci mako uku ko huɗu in ana taɓawa kullum da maraice, yawancin lokacin kuwa jiran bushewa ne. Sannu ba ta hana zuwa. Muna roƙon waɗanda suka gwada su kawo nasu ɗakin aikin hannu, mu jera su, kowa ya ƙidaya wayoyin ɗan'uwansa ya faɗi aikin kowace ɗaya.